Ƙaramin gida a unguwar manyan gidaje: yadda za ka gane ko arahar ta gaske ce

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. An nuna mini wani ƙaramin gida, ɗaki biyu da falo da kicin da banɗaki ɗaya, a unguwar da yawancin gidajenta masu ɗaki huɗu ne ko biyar. Kuɗin da aka sa masa bai kai kashi biyu cikin uku na abin da ake faɗa wa sauran gidajen layin ba. Dillali ya ce garaɓasa ce, in ban yi sauri ba wani zai riga ni. Wani abokina kuma ya ce in aka raba kuɗin a kan faɗin ginin, ya ma fi manyan gidajen tsada. Kuɗin da na daɗe ina tarawa ne, ba na son in yi gaggawa in zo ina da-na-sani. Ta yaya zan auna gidan nan da kasuwar unguwar, in san ainihin darajarsa?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a abin da ka tara, ya kuma zaɓa maka mafi alheri.

Dillali da abokinka kowannensu ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya ya saki ɗayan. In na fahimce ka, ga abin da kake son sani: akwai tazara tsakanin kuɗin wannan gida da na maƙwabtansa, to daga ina tazarar ta fito? A aikinmu na kimanta gidaje mukan raba ta gida huɗu. Wani ɓangaren ƙanƙantar gidan ce ta jawo shi, wani lalacewar da kuɗi ke iya gyarawa, wani kuma aibin da ba ya gyaruwa ko nawa ka kashe. Abin da ya rage bayan an cire waɗannan uku, shi kaɗai ne araha. Sau da yawa in aka gama lissafi ragowar 'yar kaɗan ce, wani lokacin ma babu ita sam. Amma akan dace da ita, kuma ƙananan gidaje a unguwa mai kyau suna cikin wuraren da aka fi dacewa da ita, saboda haka kada ka yi watsi da gidan tun ba ka auna ba.

Da wane farashi za ka auna

Ka ce "abin da ake faɗa wa sauran gidajen layin". Nan ne matsala ta farko. Kuɗin da mai gida ya faɗa fata ne yake yi. Kuɗin da aka sallama aka biya shi ne kasuwa. Gida yana iya shekara da allon sayarwa a jikinsa a kan farashin da ba wanda ya taɓa tayawa kusa da shi, mutanen layi kuma su riƙa ambaton wannan adadi kamar shi ne darajar unguwa. Ka nemi cinikin da aka riga aka ƙulla. A wasu ƙasashen abin a buɗe yake: a Ingila da Wales, hukumar rajistar filaye tana wallafa kuɗin da aka sayi gidaje tun daga cinikin 1995, kowa na iya dubawa a intanet. Inda babu irin wannan, sai a bi ta kan mutane: waɗanda suka saya kwanan nan, lauyoyin da ke rubuta yarjejeniyar ciniki, da dillalan da ba su da la'ada a wannan gidan. In adadi ɗaya ya fito daga bakin mutum biyu da ba su san juna ba, za ka iya dogara da shi.

Kana buƙatar aƙalla ciniki uku. Wannan shi ne mafi ƙarancin da Fannie Mae, babbar cibiyar lamunin gidaje ta Amurka, ke nema daga mai kimantawa, ni kuwa na fi samun natsuwa da biyar ko shida. Su kasance na cikin shekarar da ta gabata, mafi kusa ya fi. Inda farashin kaya ke hauhawa da sauri, cinikin wata goma da suka wuce ya riga ya tsufa, sai an ɗaga shi gwargwadon yadda kasuwa ta motsa. Ka kuma ware cinikin da ba na kasuwa ba ne: wanda aka yi tsakanin 'yan'uwa, wanda bashi ya tilasta, wanda magada suka sakar don a raba kowa ya kama gabansa. Waɗannan suna gaya maka halin da mai sayarwa ya shiga ne, ba darajar gida ba.

In ka tattara farashin, kada ka haɗa su ka raba. Jera su daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya. A ce gidaje biyar an sayar da su 60, 65, 70, 72 da 200. In ka haɗa ka raba biyar za ka samu 93 da ɗoriya, adadin da babu gida ko ɗaya a kusa da shi. Na tsakiya 70 ne, shi ne hoton unguwar. Katafaren gida guda yana iya ɗaga lissafin layi gaba ɗaya, ya sa kowane ƙaramin gida ya yi kama da tsintuwa.

Sai maganar iyaka. Sunan unguwa ɗaya ne, amma kasuwa a cikinta takan kai biyu ko uku. Babban titi, layin dogo, rafi, ko gangaren da ruwa ke bi, kowanne yakan raba farashi. Gidan da ke ƙetaren titi, tafiyar minti biyar, yana iya zama a wata kasuwa daban. In babu ƙananan gidaje da aka sayar a layinku, ka nemi irinsu a unguwar da ke daidai da taku a daraja, ka haɗa da manyan da aka sayar a kusa da kai. Rukunin farko zai nuna maka kuɗin irin gidan, na biyu ya nuna maka kuɗin wurin.

Fili daban, gini daban

Nan nake so ka fi tsayawa, domin nan ne dillali da abokinka suka rabu. Duk wanda ya sayi gida abu biyu ya saya a ciniki ɗaya, fili da ginin da ke kansa, kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Gini tsufa yake yi tun daga ranar da aka gama shi. Fili ba ya tsufa, darajarsa tana bin abin da ke kewaye da shi: hanya, ruwa, wuta, makaranta, tsaro, kusanci da wurin aiki.

Bari mu yi misali da lambobi zalla, ka sa naka adadin a madadinsu. A ce gidan tsakiya a layin ana sayar da shi 100, gininsa murabba'in mita 200. Naka murabba'in mita 90 ne, an sa masa 62. Dillali zai ce ka samu ragin 38. Abokinka zai raba: babban gida 0.5 kowace mita, naka kusan 0.69, saboda haka naka ya fi tsada. Duka lissafin biyu sun manta da fili. Yanzu a ce filin da babu gini, mai girman na layin, ana sayar da shi 40. Ke nan ginin babban gida ya tashi a 60, wato 0.3 kowace mita. In gininka daidai yake da nasu a inganci da shekaru, mita 90 sau 0.3 ya ba ka 27. Haɗa da fili 40, ka samu 67. Zan ma ƙara ɗan wani abu, domin kicin da banɗaki da haɗa ruwa da wuta su ne suka fi cin kuɗi a gini, kuma ƙaramin gida yana da su kamar yadda babba yake da su, ɗakunan kwana da aka ƙara wa babban su ne masu sauƙin kuɗi. Mu ce 67 zuwa 70. To ragin gaskiya 5 ne zuwa 8. Wannan shi ya sa a kusan kowace kasuwa ƙaramin gida yake fin babba tsada in aka raba a kan mita, ba tare da an cuci kowa ba.

Amma duk wannan ya rataya ne a kan abu ɗaya da ba ka faɗa mini ba: girman filin. In filin gidan cikakke ne kamar na maƙwabta, kana cikin yanayi mai kyau, domin fiye da rabin kuɗinka ya tafi ga abin da ba ya tsufa, kuma kana da wurin ƙara ɗaki nan gaba. In kuwa yanka aka yi daga wani fili, rabi ko ƙasa da haka, lissafi ya juye. Rabin fili yakan ɗan fi rabin kuɗi, mu ce 23 ko 24. Haɗa da 27, gidan bai wuce 50 da 'yan kai ba, 62 ta zama tsada ƙarara. Gida ɗaya, farashi ɗaya, girman fili kawai ya mayar da araha tsada. Na sha ganin masu saye sun zagaya ɗakuna suna ƙwanƙwasa bango suna buɗe taga, ba wanda ya tambayi tsawo da faɗin filin. Ka sa safiyo ya auna, ka gwada da abin da ke rubuce a takarda, ka tabbata katangar tana kan iyakar da takarda ta faɗa.

Abin da kuɗi ke gyarawa da abin da ba sa gyarawa

Yanzu ragin 5 zuwa 8 ɗin nan sai ya fuskanci gyara. Kada ka yarda da ƙiyasin dillali, kada ma ka yarda da naka. Ka je da magini ko injiniyan da kai za ka biya, ya hau rufi, ya duba silin ko akwai tabon yoyo, ya bi wayoyin lantarki da bututun ruwa, ya duba masai da inda ƙazantar ruwa ke fita, ya nemi alamar gara a katako. Sabon fenti a gindin bango kaɗai, sauran bangon na nan da tsohon launi, yakan nuna danshi aka rufe. Siririyar tsaga a filasta ba abin damuwa ba ce. Tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, mai faɗi a gefe ɗaya, tare da ƙofofin da suka daina rufuwa daidai, tana nuna harsashin ginin yana motsi, wannan kuwa aikin injiniya ne. In rufi zai ci 6, wayoyi su ci 3, ragin ya ƙare, ka sayi gidan a kan kuɗinsa ke nan. Ba laifi ba ne mutum ya sayi gida a kan kuɗinsa, amma ya san hakan ya yi. Kuma duk adadin da magini ya ba ka, ka ɗora wani abu a kai, domin sai an fasa ake ganin sauran ɓarnar.

Wani abu game da ƙananan gidaje da ba a cika lura da shi ba: gyara ya fi yi musu nauyi. Sabunta banɗaki ko haƙa sabuwar masai kusan kuɗi ɗaya ne a babban gida da ƙarami, amma a gidan 62 kason da zai ci ya fi na gidan 100.

Aibin da ba ya gyaruwa shi na fi tsoro, domin yana bin gidan har ranar da kai ma za ka sayar. Gida a kwari inda ruwan layi ke taruwa. Gida a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko jingine da masana'anta, ko tashar mota, ko juji. Gidan da mota ba ta isa ƙofarsa, ko wanda sai an ratsa filin wani ake shiga. Gidan da ya ci cikin hurumin titi, wanda in aka tashi faɗaɗa hanya da shi za a fara. Ruwa ba ya tsami banza: in ragin ya yi yawa kuma gyara bai bayyana shi ba, akwai dalili, kuma mai sayarwa ya san shi. Ka je wurin da safe, ka koma da dare, ka je ranar aiki da ranar hutu, in da hali ka je bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi. Ka duba bangon maƙwabta ko akwai layin da ambaliya ta bari. Ka zauna da wanda ya daɗe a layin ka tambaye shi me ya sa mai gidan zai sayar, da kuma mutum nawa suka zo suka duba suka tafi.

Takardu kuwa ba a yi musu ragi. Gidan da mallakarsa ke da gardama, ko aka jinginar da shi a banki, ko wani magaji bai sa hannu ba, ko aka gina shi babu izini, ba a cewa ya yi araha, domin ba a ma tabbatar za ka mallake shi ba. Lauyanka ya bincika a ofishin rajistar filaye kafin ka ba da ko kafin alƙalami.

Ina unguwar ta dosa

Akwai ƙa'ida sananniya a wurin masu kimantawa: ƙaramin gida a cikin manya, manyan sukan ja darajarsa sama, babban gida a cikin ƙanana kuma su ja shi ƙasa. Wannan tana gefenka, kuma ita ce gaskiyar da ke cikin maganar dillali. Kana cin moriyar titi da tsaro da makarantun da kuɗin maƙwabtanka suka jawo, a kan kuɗin da bai kai nasu ba. Sai dai ƙa'idar tana aiki ne muddin unguwar na tsaye ko tana hawa. In tana gangarawa, da kai za ta gangara.

Birnin Detroit na Amurka yana da mutane wajen miliyan 1.8 a 1950. A ƙidayar 2020 sun koma kimanin 639,000, birnin kansa ya bayyana fatarar kuɗi a 2013, aka riƙa gwanjon gidaje ana farawa daga dala 1,000. Ginin da yawansu ba shi da laifi lokacin da aka bar su, mutane da ayyuka ne suka tashi. A Japan, ƙidayar gidaje ta 2023 ta samu gidaje kusan miliyan 9 babu kowa a ciki. A irin waɗannan wurare gida yana iya zama mai araha in aka gwada shi da maƙwabtansa, alhali unguwar baki ɗaya ce ke zubewa. Haka kuma akasin haka: tsakanin 2006 da 2012 farashin gidaje a Amurka ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, wanda ya sayi gida "ƙasa da kasuwa" a 2006 ya auna ne da kasuwar da ita kanta ta kumbura. Gwada gida da maƙwabtansa yana gaya maka matsayinsa a cikinsu, ba ya gaya maka ko su kansu suna kan daidai.

Alamun ba su da wuyar gani. Gidaje nawa ne ke kasuwa a unguwar yanzu, nawa ake sayarwa a wata? Raba adadi na farko da na biyu, za ka samu yawan watannin da za a ɗauka kafin a sayar da su duka. Masu sana'ar a Amurka sukan ɗauki wajen wata shida a matsayin daidaito: ƙasa da haka kasuwar mai sayarwa ce, sama da haka ta mai saye. Ka ga mutane suna gyara gidajensu suna ƙara gini, ko kuwa shaguna na rufewa, gidaje na zama kango? Wannan lissafin ne kuma zai amsa maka maganar "yi sauri". In gidan ya yi wata takwas a kasuwa, wanda zai riga ka ya daɗe bai zo ba. In kwana goma ya yi, irinsa kuma ba sa wuce wata, to dillali bai yi ƙarya ba, sai ka hanzarta binciken, kada dai ka tsallake shi.

Gwaji da kuɗin haya

Ko da zama za ka yi a ciki, ka tambayi nawa za a ba da hayarsa a shekara, ka raba da kuɗin saye. In gidan 62 zai kawo 5, kashi 8 cikin ɗari ke nan. In gidan 100 yana kawo 6, kashi 6 ne. Haka aka saba gani, ƙananan gidaje sun fi manya kawo haya gwargwadon kuɗinsu, domin masu neman ɗaki biyu sun fi masu neman ɗaki biyar yawa. In ka tarar naka bai kai na manyan ba, an tsawwala kuɗinsa. In kuma ya zarce su nesa ba kusa ba, ka koma ka nemi aibin da ka tsallake. Amfanin wannan gwaji shi ne ɗan haya ba ya biyan kuɗin fata, abin da wurin ya cancanta yau yake biya.

Ka kuma tambayi kanka wa zai saya daga hannunka. A wasu unguwannin ƙaramin gida shi ne ƙofar shiga ga sababbin ma'aurata da masu ritaya, ana rububinsa. A wasu kuwa duk mai zuwa babban gida yake nema, ƙaramin sai mai niyyar rushewa ya gina sabo, shi kuma kuɗin fili kawai zai biya, ya ma cire kuɗin rusau. Banɗaki ɗaya a unguwar da kowa ya saba da uku yana rage masu taya. In kana da niyyar faɗaɗawa, ka fara tabbatar da dokar gini ta wurin ta yarda, kuma kada jimillar saye da ƙari ta wuce abin da manyan gidajen layin ke kamawa, domin unguwa tana da iyakar da ba ta biya sama da ita komai kyan gini.

Tayi, da iyakar abin da zan iya faɗa maka

Ban ga gidan ba, kuma kimantawa ko a wurin gwani tazara take bayarwa, daga kaza zuwa kaza. Masu kimantawa biyu masu gaskiya suna iya saɓawa da kashi 5 ko 10 cikin ɗari a gida ɗaya, saɓanin yakan fi haka inda ciniki ya yi ƙaranci ko ake ɓoye farashi. Saboda haka ragin kashi 3 ko 4 bai kai a kira shi garaɓasa ba, yana cikin kuskuren awo. Dokokin mallaka da haraji kuma sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wannan fagen lauyan wurin ne.

Kafin ka yi tayi, ka rubuta adadi uku a takarda: darajar gidan bayan an cire gyara, abin da za ka fara tayawa, da iyakar da ba za ka wuce ba. A cikin iyakar nan ka lissafa la'ada, kuɗin lauya da safiyo, harajin sauya suna da rajista, ka kuma bar wani abu a hannu, domin shekarar farko a tsohon gida ba ta rasa fitar da wata ɓarna. Waɗannan kuɗaɗen ba sa dawowa, shi ya sa wanda zai tashi bayan shekara biyu ko uku yakan yi asara ko da ya saya da ɗan ragi, mai zaman shekara goma kuwa ko ya ɗan biya sama ba ya jin ciwonta sosai. In ka zo ciniki, ka ajiye wa mai gida cinikin nan uku ko biyar da ka tattara da takardar ƙiyasin magini, ka ce ga inda tayinka ya fito. Mai sayarwa ya fi sassautawa in ya ga hujja a rubuce. In kuma za ka ɗauki mai kimantawa, kuma ina ba ka shawarar ka ɗauka tunda tarin shekaru ne za ka zuba, ka nemi wanda za ka biya kuɗin aikinsa ko an yi ciniki ko ba a yi ba, wanda ba dillalin ne ya kawo maka shi ba.